Manajan mawaƙi: wai tsakaninsu waye yaron wani?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin yaran da suka fara waƙa, musamman wanda ya saki biyu ko uku aka ɗan taka rawa da ɗaya a TikTok, wai shi yanzu ba abin da ya rage masa sai manaja. In ka zaunar da shi ka ce to me kake so manajan ya yi maka, sai ka ji ya fara lissafi da yatsu, ya biya kuɗin situdiyo, ya ɗauki nauyin bidiyo, ya canza masa waya, in da hali ma ya kama masa ɗaki. Toh ai malam wannan ba manaja kake nema ba, ubangida kake nema, kuma su biyun ko hanya ba su haɗa ba.

Ban ga laifin yaran ba fa, abin da muka taso muka tarar kenan. Makaɗin fada irin su Narambaɗa yana da ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa, shi ke ba da riga da doki da hatsi, shi kuma makaɗi shi ne uban tafiyarsa, shi ke riƙe da 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira, in an samu shi ke rabawa. Kenan a tsarinmu na gado kuɗi daga sama yake gangarowa. Shi kuwa manaja yadda aka san shi a kasuwar waƙa ta Amurka da Ingila, wadda daga can 'yan Legas suka kwaso tsarin mu ma muke ɗan kwaikwaya, kuɗinsa daga aljihun mawaƙi yake fitowa. A takarda mawaƙi ne maigida, shi ya ɗauki manaja aiki, ko da kuwa manajan ya haife shi.

Ba albashi ake biyan manaja ba, la'ada yake ci kamar dillalin kara, abin da aka saba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da mawaƙi ya samu. Nan ne kan zancen yake. In mawaƙi ya samu ya ci, in bai samu ba shi ma ya kwana da yunwa, kuma kashi 20 na babu ai babu ne. Shi yasa in sabon mawaƙi ya yi ta tura wa wani babban manaja saƙo aka share shi, ba lallai wulaƙanci ba ne, lissafi ne kawai, mutumin ya san zai iya shekara biyu ko uku yana kiran waya yana ƙona mai yana cin alwashi a gaban mutane kafin ya ga sisi, kuma a cikin yara goma da suka taso ba kowa ke kai labari ba. Don haka manajan farko kusan kullum ba ƙwararre ba ne, aboki ne ko yaya ko wani ɗan unguwa mai wayo da ya ji waƙar ta shiga ransa ya ce ni zan tsaya maka. Caca yake da lokacinsa, wannan ita ce jarinsa, kuma duk rigimar da za ta biyo baya daga nan take samo tushe, sabida ranar da kuɗi ya fara shigowa shi yana ganin bashi ake biyansa, mawaƙi kuma yana ganin wai daga ɗaga waya ake yankar masa kashi ɗaya cikin biyar.

Bari in kawo misalin da ya fi fito da aikin fili. A watan Nuwamba na 1961 wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Brian Epstein, wanda ke kula da shagon saida faya-fayai na gidansu a Libaful, ya sauka wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Cavern ya ga wasu samari huɗu suna kiɗa, su ne Beatles. Bai taɓa riƙe mawaƙi ba a rayuwarsa. Yaran sun iya kiɗa, sun sha wasa a Hambug ta Jamus, suna da masoya a garinsu, amma a kan dandamali sai su ci abinci su sha taba su yi ta shirme da 'yan gaba. A Janairun 1962 suka ƙulla yarjejeniya, kuma abin da ya fara yi ba wani abin mamaki ba ne, ya cire musu rigunan fata ya sa musu kwat, ya ce a daina ci da shan taba a gaban jama'a, a tsara waƙoƙin da za a yi tun kafin a hau, a rusuna in an gama, a zo kan lokaci. Ya riƙa neman a ƙara musu kuɗin wasa da samun gidaje masu daraja. Sannan ya ɗauki faifan waƙoƙinsu ya yi ta zarya Landan, kamfanin Decca da ya gwada su tun ranar 1 ga Janairun 1962 ya ce bai so, wasu ma suka ƙi, shi dai bai haƙura ba har ya kai ga furodusa George Martin na Parlophone, wani reshe na kamfanin faya-fayai na EMI, a cikin shekarar. Kaga aikin kenan, gyara yadda duniya ke kallonka, shan kunya a madadinka, da ƙwanƙwasa ƙofa ta goma bayan tara sun ƙi buɗewa. Ko baiti ɗaya bai rubuta musu ba.

Amma shi ɗin dai, da yake sabon hannu ne, ya tafka asarar da har yau ake ba da labari. La'adarsa tana hawa har kashi 25, wannan ba a cika ƙorafi a kai ba tunda ya yi aiki. Inda aka yi ɓarna shi ne da abin ya fashe aka fara buga hotonsu a riguna da 'yar tsana da tarkace iri-iri, sai aka miƙa harkar ga wani kamfani mai suna Seltaeb a kan su Beatles da manajansu su karɓi kashi 10 kacal, kamfanin ya riƙe 90, don a lokacin ba wanda ya ɗauka saida riga zai zama wata dukiya. Ga amana ga ƙauna, amma ilimin wannan lungun babu. Da ya rasu a Agustan 1967 kuma sai ta bayyana ashe shi ne igiyar da ta ɗaure tsintsiyar, a 1969 uku suka ce Allen Klein suke so ya riƙe su, Paul McCartney ya ce shi sai surukansa, zuwa 1970 kowa ya kama gabansa.

A can inda harkar ta zauna da gindinta manaja ba shi kaɗai ba ne. Akwai ejan mai nemo wasanni, shi yawanci kashi 10 yake ɗauka na kuɗin wasan da ya samo, akwai lauya, akwai akanta mai riƙe lissafi da haraji, akwai mai kula da tafiya wanda shi ke fama da mota da masauki da wa ya makara. Manaja shi ne a tsakiya, kowa ta wajensa yake bi. A jihar Kalifoniya ma doka ce, in ba ka da lasisin ejan ba ka da ikon nemo wa mai fasaha aikin wasa, kuma mawaƙa sun sha amfani da wannan dokar su warware yarjejeniya da manajan da ya ƙetare layi. Mu kuwa a nan, daga situdiyoyin Zoo Road a Kano har Kaduna da Jos da Yamai, mutum ɗaya ne ejan, shi ne akanta, shi ne direba, shi ke faɗa da dijey, wani sa'in shi ke riƙe wayar yana ɗaukar bidiyo. Ba aibu ba ne, ƙaramar tafiya ba za ta iya ciyar da mutum biyar masu la'ada ba, sai dai a sani duk hular da aka ƙara wa mutum ɗaya an rage mai sa masa ido.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. In an ce kashi 20, tambayar da yaro ya kamata ya yi ita ce, na me? Na kuɗin da ya shigo ɗungurungum, ko na abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya? Mu ɗauka misali ƙungiya ce ta mutum biyar, an kira su biki a wani gari a kan naira dubu 500, mota da mai da hayar kayan sauti da abinci da masauki sun cinye dubu 200. In daga sama manaja ke yanka, ya ɗauki dubu 100, saura dubu 200 a raba biyar, kowa dubu 40, kenan wanda bai hau dandamali ba ya ninka wanda ya kwana yana rera waƙa har murya ta dushe sau biyu da rabi. In kuwa bayan ɗawainiya ne, la'adarsa dubu 60, su kuma kowa dubu 48. Kashi 20 ne duka biyun fa, ba a canza lamba ba. Kuma akwai ranar da za a je wasa a faɗi, ɗawainiya ta fi abin da aka samu, in daga sama ake yanka manaja zai koma gida da kuɗi ku kuna bin juna bashi. Shi yasa a Ingila aka fi sabawa da cewa kuɗin wasa bayan ɗawainiya ake cire la'adarsa. Shi ma manajan yana da tasa hujjar, zai ce in bayan ɗawainiya ne ai sai ku yi ta facaka, ku ce sai otal mai tsada sai mota biyu, ni ke asara. Gaskiyarsa ne, maganin kawai a zauna a rubuta me da me ake kira ɗawainiya.

Sai kuma kuɗin da bai kamata a taɓa ba sam. In kamfani ko wani mai hali ya ba da miliyan ɗaya don a yi bidiyo, wannan ba samu ba ne, kuɗin aiki ne, manajan da ya yanki kashi 20 a ciki ya rage wa bidiyon kyau ne kawai. Haka kuɗin situdiyo da na furodusa. Mu kuma muna da namu na daban da ba za ka gani a takardun Turawa ba, wato liƙi. Na taɓa tsayawa a bayan rumfa a wani biki bayan an tashi, wajen ƙarfe sha ɗayan dare, yara biyu sun juye buhun liƙi a kan tabarma ana haska musu da fitilar waya, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk sun cukurkuɗe wasu an tattaka su da takalmi, ana warewa ana ɗaurewa da kyauro, mawaƙin yana zaune kan sifika yana shan ruwan leda, manajan yana tsaye ya harɗe hannu. Da aka gama ƙirga kuɗin ya fi wanda aka yi ciniki da masu biki. Nan take murya ta fara tashi, manaja ya ce ai da bai samo bikin ba da ba a yi liƙin ba, mawaƙi ya ce liƙi kyauta ce aka yi masa don ya wasa uwar amarya, dijey ma ya matso ya ce shi fa a gabansa aka zuba wasu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya faru ba su taɓa zancen ba ne sai da kuɗin ke kan tabarma. To haka kyautar mota ko kujerar Makka da wani ɗan siyasa zai yi, ita ma a yi maganarta tun babu ita, lokacin kowa na iya yin adalci.

Bayan na me, sai har yaushe. Yarjejeniyar manaja yawanci shekara uku zuwa biyar ce, kuma masu wayo sukan fara da gwaji na wata shida su ga ko jininsu ya haɗu, ko su sa sharaɗi cewa in an kai lokaci kaza ba a cimma abu kaza ba kowa na iya tafiya. Amma abin da ya fi cizo shi ne bayan rabuwa. Waƙar da aka yi a zamanin manaja za ta ci gaba da kawo kuɗi a YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify shekara da shekaru, to shi da ya sha wahalarta ya tashi a tutar babu? Ba adalci. Ya ci gaba da cin kashi 20 har abada alhali sabon manaja ma na cin nasa 20? Nan ma mawaƙi ya mutu. Sai aka samo tsaka-tsaki da suke kira sharaɗin faɗuwar rana, la'adar tsohon manaja ta riƙa raguwa kamar hasken yamma, misali cikakkiya na ɗan lokaci, sai rabi, sai ta ɓace. Mafi yawan yaranmu ko jin wannan ba su taɓa yi ba, shi yasa rabuwa ke zama tonon silili a Facebook.

Wanda ake buga misali da shi in ana maganar manaja ya zama maigida shi ne Kanal Tom Parker, manajan shahararren mawaƙin Amurka Elvis Presley. Ya ɗauko yaro ya mai da shi sarki, ba mai musun wannan, amma daga baya rabonsa ya kai rabi da rabi a harkoki da dama, a 1973 aka saida wa kamfanin faya-fayai na RCA haƙƙin tsofaffin waƙoƙin Elvis a kan dala miliyan 5.4, kuma duk shaharar Elvis bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba in ka cire 'yan wasanni a Kanada a 1957. Daga baya ta fito cewa Parker ɗan Holan ne da ya shiga Amurka ba bisa ƙa'ida ba, da yawa suna ganin tsoron fita ne ya sa ya tsare yaronsa a gida. Matsalar manaja ta zama iyakar mawaƙi kenan.

Sabida tsoron irin wannan ne da yawa ke cewa gara na gida. Wani sa'in yana yin kyau ƙwarai, Burna Boy mahaifiyarsa Bose Ogulu ce manajarsa, kuma ita ba da ka ta faɗo harkar ba, mahaifinta Benson Idonije shi ne manajan Fela Kuti na farko. Amma ga P-Square nan, tagwaye Peter da Paul da yayansu Jude yana riƙe da su, sun rabu a 2017 sun shirya a 2021 sun sake watsewa, kuma batun riƙon da lissafin kuɗi yana cikin abin da aka yi ta ja-in-ja a kai a bainar jama'a. Wahalar ɗan'uwa ita ce ba ka iya ce masa kawo littafi in gani ba tare da an ce ka yi rashin kunya ba, a gidan Bahaushe ma abin ya fi tsanani, ka tambayi yayanka rasit sai an kai ƙararka wajen Hajiya. In ka kori bare ka rasa manaja, in ka kori yaya har zumunci ya taɓu.

Wani tarkon da ya yi yawa a Najeriya shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne kamfanin da ya ɗauke ka kuma shi ne manajanka. Aikin manaja fa shi ne ya zauna a ɓangarenka ya ja da kamfani, to in shi ne kamfanin da wa zai ja? Kuma a irin wannan takardar ne ake cusa mallakar suna. Rigimar Kiss Daniel da kamfaninsa G-Worldwide a 2017 ta kai kotu, har sunan da duniya ta san shi da shi ya shiga cikin abin da ake jayayya a kai, a 2018 ya koma Kizz Daniel. In wanda ya riga ya yi suna ya sha wannan, ina ga yaron da ya sa hannu a bayan mota don an nuna masa dubu ɗari. In mutum zai zuba kuɗinsa a kanka ba laifi, amma a kira abin da sunansa, bashi ne ko jari, nawa ne, ta yaya zai fita, a raba shi da la'adar riƙo. Kuma lauyan da zai karanta maka takarda kar ya zama lauyan manajan, ko na kwana ɗaya ne ka nemi naka.

Ita ƙungiya kuma tana da ƙarin ciwon kai da mawaƙi ɗaya ba shi da shi. Kafin a kawo manaja ya kamata su kansu sun daidaita, wa ke da sunan in an watse, wanda ya rubuta waƙa da wanda ya kaɗa ganga rabonsu ɗaya ne ko da bambanci, in ɗaya ya fita ya kama waƙa shi kaɗai manajan na binsa da la'ada ko a'a. In ba su yi ba manaja zai tsinci kansa yana alƙalanci, kuma ko ya so ko ya ƙi zai karkata wajen mai muryar da ke kawo kuɗi, sauran su fara ƙus-ƙus a bayan mota.

Ni a ganina sabon mawaƙi bai buƙatar manaja sai ranar da aikin ya fi ƙarfinsa, waya na ƙara yana cikin situdiyo, ya karɓi biki biyu a rana ɗaya bai sani ba, ana masa tayin da bai gane kansa ba. Kafin nan gara ya riƙe kansa, ya koyi ciniki, ya san nawa ake hayar sifika, ya buɗe tasharsa ya ga yadda ake fama kafin a haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da YouTube ke nema kafin ta fara raba kuɗin talla da mutum. Wanda ya taɓa yin aikin da hannunsa shi ke gane manajan da ke aiki da wanda ke yawo da katin suna kawai. In lokacin ya yi kuma, sau da yawa ba sai ka je nema ba, cikin masu zuwa wasanka ne wani zai fara tsayawa bayan an tashi yana tambayar wa ke karɓar maka kuɗi.

Abu ɗaya da Epstein da Parker ba su yi zamaninsa ba, yanzu kuma ya fi takardar ma haɗari, shi ne imel da lambar sirri. Yaro bai iya turanci sosai ba, sai manaja ya buɗe masa tashar YouTube da imel ɗinsa, ya yi rajista da kamfanin da ke rarraba waƙa a manhajoji da sunansa, ya sa asusun bankinsa, duk da kyakkyawar niyya a lokacin, don a yi sauri ne. Shekara uku ana lafiya. Ranar da aka ɓata sai mawaƙi ya wayi gari ya ga waƙoƙinsa na nan, hotonsa na nan, mabiya dubu ɗari biyu na nan, amma lambar tabbatarwa wayar wani take zuwa.